Tiyon mai na tsohuwar Datsun 280Z: wanne ke kawowa, wanne ke mayarwa?

Magajin Baba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Marigayi mahaifinmu ya bar mana Datsun 280Z ƙirar 1976, wadda ya taho da ita daga Amurka bayan karatu. Shekara 11 tana ajiye a gareji a Kaduna. Na sauke tanki an wanke, na cire tsofaffin tiyon mai, duk sun bushe sun tsattsage. Kuskurena, ban ɗauki hoto ba kafin in cire. Yanzu ga bututun ƙarfe sun leƙo cikin bonet, ban san na kawo mai da na mayarwa ba. Kuma yaya zan tabbatar babu yoyo kafin in tayar? Na riga na sayo tiyo da kilif mai sukuru.

Oga Injekta:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kada ka yi canki-canka. Je baya kusa da tanki, ka cire tiyon da ya fito daga famfon mai, ka hura iska cikin bututun da famfon keke, yaro ya tsaya gaba ya ji inda take fita. Wannan shi ne na kawowa: ya shiga filta, daga filta ya hau bututun da ke raba wa injektoci, wato masu fesa mai cikin inji. Na mayarwa daga regileta, mai daidaita matsin mai, yake fitowa. Akwai kuma bututu na uku, na tururin mai ne, gwangwanin gawayi mai kama tururin yake zuwa.

Amma tsaya, me aka rubuta a jikin tiyon da ka saya?

Magajin Baba:
Oga, na ga 30R7.

Oga Injekta:
Ajiye shi, na motar kafireta ne. Taka injekta ce, mai yana tafiya da matsin kusan 36 psi (ma'aunin matsi), ninkin ba ninkin na kafireta. Nemi mai rubutun 30R9, milimita 8. Kilif ɗin ma a canza. Mai sukuru mai haƙora yana yanka roba idan ka ɗaure, nemi mai santsi daga ciki wanda ke rungumar tiyo zagaye.

Ɗan Gareji:
Haba, duk wannan dogon bayani? Haɗa ka ba ta kik, inda ke yoyo zai nuna kansa.

Baba Tsohon Hannu:
A'a yaro, ba a wannan motar ba. Injinta L28, manifol (bututun ƙarfe mai rassa a jikin inji) na shigar iska da na salansa gefe ɗaya suke, na salansa a ƙasa. Duk abin da ya ɗiga daga injekta, kan ƙarfe mai zafi zai sauka. Kuma Magaji, kowace injekta cikin shidan tana da ɗan gajeren tiyo a kanta. Su ne aka fi mantawa, su ne kuma suka fi shan zafi. Idan ba ka canza su ba, ba ka yi komai ba.

Ga yadda za ka gwada ba tare da inji ya tashi ba. Tura ta waje, ba cikin gareji ba, ka ajiye abin kashe gobara kusa, ruwa ba ya kashe wutar fetur. Zare ƙaramar wayar da ke jikin kik, ka kauce da ita daga ƙarfe, sannan wani ya murɗa makulli zuwa wajen tayarwa. Famfo zai yi aiki, inji ba zai juya ba. Kai kuma bi kowace mahaɗa da farar tishu, don fetur kaɗan yakan bushe kafin ido ya gani. Hancinka ma ya yi aiki. Shiga ƙarƙashi da tocila ka duba bututun ƙarfen, musamman inda maɗaurai suka riƙe shi, nan tsatsa ke ci.

Oga Injekta:
Gaskiyar Baba. In ka samu geji mai auna matsin mai, saka shi tsakanin filta da bututun injektoci. Bayan an saki makulli, ya kamata allurar gejin ta tsaya inda take. Idan ta faɗi nan take kuma waje a bushe, yoyon na ciki ne: injekta, regileta ko bawul ɗin famfo.

Magajin Baba:
Na gode ƙwarai. Yau na yi yadda kuka ce. Duk mahaɗun da na ɗaure lafiya lau, amma tiyon injekta ta huɗu feshi yake yi siriri kamar zare, daidai kan manifol. Baba, da me ake cire zoben ƙarfen da ke gindinsa ba tare da an karce bakin injektar ba?