Farin tabon jikin tsohon mangwaro: shi ke kashe bishiya ko ƙazafi ne?

Baba Mai Mangwaro: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana. Abin nan mai ruwan toka da ke mannewa a ɓawon tsofaffin mangwaro kamar makero, shi ke shanye bishiya. A lambun da na gada a kudancin Kaduna, duk itacen da ya lulluɓe shi ne ya rage 'ya'ya. Gobe zan sa yara su kankare shi da adda.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Baba, don Allah a ajiye addar tukuna. Masana na ce masa likin, kuma halittu biyu ne a haɗe: fumfuna da gansakuka. Gansakukar ce ke haɗa abinci da hasken rana, ita kuma fumfunar ta ba ta mazauni, ta riƙe mata danshi. Simon Schwendener, masanin tsirrai na Suwizalan, shi ne ya bayyana haka a 1867. Ba shi da saiwar da ke kutsawa cikin itace, da ruwan sama da raɓa da ƙura yake rayuwa. Ai har kan duwatsu yake fitowa. Me dutse ke da shi da za a tsotsa?

Baba Mai Mangwaro: To ɗana, me ya sa ba ya cika kan masu lafiya?

Malamin Gona: Saboda haske yake bi. Bishiya ta tsufa, ko gara ta ci saiwarta, ganye ya yi shara-shara, rana ta samu hanyar sauka kan reshe, sai shi ya yaɗu. Ciwon ne ya riga shi zuwa. Kuma girmansa a shekara 'yan milimitoci ne, dole a fi ganinsa a kan tsohon ɓawo.

Hajiya Mai Gwaiba: Malam, kada ka wanke shi tas. In ya yi kauri yana ɓoye tsagewar ɓawo da ƙwari, mai lambu bai ankara ba sai reshe ya bushe. Ni kuwa a ganyen gwaibata akwai wani ja-ja mai kalar tsatsa, kuma yana cutar da ita, ido na ya gani.

Malamin Gona: Batun ɓoye rauni na yarda, Hajiya, a riƙa dubawa. Amma jan nan na ganye wata gansakuka ce daban, mai shiga cikin ganyen gwaiba da mangwaro. Ita cuta ce, ana yi mata feshin maganin da ke da sinadarin tagulla.

Ɗalibi A Turai: Iyayena, ku bar ni in sa baki. A tsofaffin gonakin tuffa na Ingila da Jamus, alfahari ake da shi, don hayaƙin kwal da na masana'antu kashe shi yake. Tun 1866 wani masanin tsirrai, William Nylander, ya lura da ƙarancinsa a bishiyoyin birnin Faris, ya danganta hakan da gurɓatar iska. Baba, iskar lambunka ce mai kyau.

Baba Mai Mangwaro: Iska ba ta cika kwando, yaro. Su tuffa suke nomawa cikin sanyi, ni mangwaro nake kaiwa kasuwa.

Hajiya Mai Gwaiba: Hhh, gaya masa dai Baba.

Malamin Gona: Duk da haka adda za ta yi wa ɓawo rauni, ta buɗe wa ruɓa ƙofa ana tsakiyar damina. Baba, a ɗaga kai a duba sama, akwai kauci?

Baba Mai Mangwaro: Kauci kam akwai, tsuntsaye sun shuka mana shi ko'ina.

Malamin Gona: To ga ɓarawon nan. Shi ne mai cusa saiwa cikin reshe ya sha ruwan bishiya. A sare reshen can ƙasa da kumburin inda ya kama, a rage busassun rassa, a zuba taki.

Baba Mai Mangwaro: Za a sare kauci. Amma bishiya guda sai na goge ta da buhu, mu gani ita da maƙwabciyarta wa za ta fi 'ya'ya baɗi.