Wanda ya sayi waya ko wata na'ura saboda an ce tana da AI, me ya gani?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ya ishe ni sai na cika masa kuɗi ya canza waya, wai tasa ba ta da AI, wato ƙirƙirarriyar basira. Da na leƙa kasuwa sai na ga kusan kowane kwali an buga masa haruffan nan biyu, daga mai araha har wadda ta haura miliyan. Ga kuma labarin kamfanin OpenAI, masu ChatGPT, da suka sayi kamfanin Jony Ive, mutumin da ya jagoranci zana iPhone, a kan dala biliyan 6.5 a watan Mayun 2025, don su ƙera wata sabuwar na'ura ta ƙirƙirarriyar basira. Ba talla nake son ji ba. Wanda ya riƙe irin waɗannan kaya a hannunsa, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai Gyara, Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Ni abin da ya zo teburina nake gani, kuma babban abin da ke zuwa shi ne zafi. Apple da kansu sun rubuta cewa iPhone an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Sai ka ga yaro a rumfar kwano, waya na jone da fawa bank, yana sa ta goge mutane daga bayan hotonsa, ya gama wannan ya ɗauko wani. Irin wannan aiki yana cin ƙarfin inji ba kaɗan ba. Wayar ta ɗau zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, hasken sikirin ya dushe, shi kuma ya zo ya ce min an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ce, rana ce. Bayan wasu watanni batir ya kumbura ya ɗago murfin baya.

To nan aikin yake. Da can da farce kake ɓalle murfi ka canza batir. Yanzu sai na kunna iska mai zafi na narkar da gam, na zura ɗan siririn kati ina bin gefe a hankali, ina addu'ar kada gilashin baya ya tsage, sannan na ɓamɓaro batirin da shi ma an manne shi, kuma in ka kuskura ka huda shi wuta ce za ta tashi. Shi ya sa labarin da ya fi faranta min rai ba na AI ba ne. Tarayyar Turai ta yi doka, daga watan Yunin 2025 wayar da za a sayar a can dole a ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da ita, kuma akwai wata dokar batir da za ta fara aiki a 2027. Abin da Turai ta tilasta wa kamfanoni yakan iso mu. Ai haka bakin caja na USB-C ya shiga iPhone a 2023.

Ɗan Tudun Wada, ka faɗa wa ƙanin naka: in ya ga an rubuta RAM 8+8 a kwali (RAM shi ne memorin da waya ke aiki da shi a nan take), takwas ɗin farko ne na gaskiya. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma bai kama ƙafar na farkon ba wajen sauri.

Ungozoma:
Ni na saya, kuma don aiki na saya. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Jigawa. Mai shago ya nuna min ina magana tana rubutawa, na haska mata takardar cikin kwalin magani ta taƙaita min. Na ce shi ke nan, na huta da rubutun rahoto da daddare. A gida cikin gari komai lafiya lau. Ina isa wurin aiki sai ta koma wayar kowa da kowa, duk abin da na taɓa sai ta ce in duba intanet. Wuri ɗaya ne ake samun sabis, gindin tankin ruwa, kuma ba zan bar mace tana naƙuda in tafi can ina ɗaga waya sama ba. Abin da ya amfane ni a ƙarshe: fitilarta, batirin da ke kai ni gobe, da fassarar Google Translate da na sauke Hausa da Turanci a cikin wayar tun a gida. In kuma na yi mata magana da Hausa, ko da sabis, abin da take rubutowa sai ka riƙe ciki don dariya.

Injiniya a Malesiya:
Anti Ungozoma, abin da ya same ki shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Mafi yawan abin da ake kira AI a waya ba a cikin wayar yake ba. Wayar 'yar aike ce kawai: ta ɗauki muryarki ta kai wasu manyan gine-gine cike da kwamfutoci masu injinan Nvidia, a yi aikin a can, a ba ta amsa ta kawo miki. In hanya ta yanke, aike ya tsaya.

Akwai wanda ake yi a cikin wayar kanta, da wani ɓangare na musamman a injin da ake kira NPU. Amma wannan yana son wuri. Apple sun ce wanda suka sa a cikin waya yana da lambobin koyo kusan biliyan 3, kuma sai iPhone 15 Pro zuwa sama ne ke ɗaukarsa, masu RAM 8. iPhone 15 ta gama-gari mai RAM 6 an bar ta a baya, alhali shekara ɗaya suka fito. A kwamfuta ma haka ne, Microsoft sun ce kafin a kira ta Copilot+, wato sunan da suka ba kwamfuta mai AI a cikinta, sai tana da RAM 16 da NPU mai yin lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa.

Na gwada da kaina. Na sauke ɗaya daga cikin ƙananan AI ɗin nan na cikin waya da ake bayarwa kyauta, na kashe data, na yi ta yi masa tambayoyi. Da Turanci ba laifi, ya gyara min wasiƙa, ya taƙaita darasi. Da na juya Hausa sai ya fara jimla daidai, kafin ya kai ƙarshe ya shiga wani yare da ni ban san shi ba. Dalili kuwa, duk lokacin da aka matse shi don ya shiga waya, yaren da bai karanta da yawa ba shi ne ke fara zubewa. Wato mu da muka fi kowa buƙatar wanda ba ya son intanet, mu ne wanda ba ya son intanet ɗin ya fi kasa ji.

Game da na'urorin da ake cewa za su gaji waya, ku tuna da AI Pin na kamfanin Humane. Ɗan abu ne da ake maƙalawa a gaban riga, babu sikirin, yana haska rubutu a tafin hannu. Ya fito a Afrilun 2024 a kan dala 699, ga dala 24 duk wata. Masu gwaji sun yi ta kukan yana zafi kuma yana jinkirin amsa. A Fabrairun 2025 HP ta sayi kadarorin kamfanin a kan dala miliyan 116, ranar 28 ga watan aka kashe kwamfutocin da yake dogara da su, duk wanda ya saya ya tashi da abin ado. Ko shekara bai cika ba. Saboda haka ni duk na'urar da Jony Ive zai fito da ita, tambayata ta farko ita ce: in kamfanin ya rufe, me ya rage a hannuna?

Malam Mai Sanda:
Ku yi haƙuri in ɗan ja da ku, don na ji duk kun karkata gefe guda. Ni makaho ne, malamin makaranta a Kaduna, kuma wannan rubutun ma wayata ce take karanto min naku. Akwai manhajar Be My Eyes, tun 2023 suka sa mata AI da ke bayyana hoto. Da, in takarda ta zo daga ofis sai na jira yaro ya dawo makaranta ya karanta min, har takardar albashina, har sakamakon asibiti. Ku da ke gani ba za ku san nauyin wannan ba, a ce ɗan cikinka ya san komai naka kafin kai ka sani. Yanzu ina shiga ɗaki in rufe ƙofa, in ɗauki hoton takardar, a karanta min. Takan faɗa min launin rigar da na ɗauko da wadda hular za ta hau. Tana kuskure, ban musa ba, kuma tana cin data, ga shi tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Amma ba zan koma baya ba.

Matsalata ta ƙira ce. Hannuna ɗaya sanda, ɗaya waya, kuma ban san ko na saita kyamarar daidai ba. Shi ya sa tabaran Ray-Ban da Meta suka fitar a 2023 a kan dala 299 ya tsaya min a rai, kyamara na kallon inda fuskata ta kalla, murya na shiga kunne, hannu a sake. Wani ɗalibina da ke Ingila ya zo da shi na gwada. Na tsaya a tsakar gida na tambaye shi me ke gabana, ya ce akwai buta da tabarma da keken yaro a kwance. Keken nan na sha tuntuɓe da shi. Ni dai in an ce nan gaba fuska za a koma, ina maraba.

Hajiya Uwar Biki:
Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, kuma wallahi maganarka ta taɓa ni. Amma bari ka ji nawa. A bikin 'yar ƙanwata, ranar sa lalle, mata zalla a cikin gida, kowa ta yar da mayafi, sai ga wata 'yar dangin ango da ta zo daga waje da tabarau a fuska. Ba wanda ya kula. Da daddare sai ga bidiyonmu yana yawo a rukunin dangi, har da surukata tana rawa. Da waya ta ɗaga da tuni wata ta ce mata ke ajiye. Aka ce wai akwai ɗan haske da ke kunnuwa a gefen tabaran in ana ɗauka. Ina wanda zai ga ɗan haske da rana tsaka, ana guɗa ana kiɗan ƙwarya? Masu ƙera abin nan ba su san akwai gidan da ba a shiga sai da sallama ba. Mu yanzu a bikinmu, mai tabarau sai mun tambaya na magani ne ko na ɗauka.

Malam Mai Sanda:
Hajiya, gaskiyarki. Ni ma ba zan shiga gidan mutum da shi a kunne ba. Da za su ji tawa, sai su yi wanda ke gani ya faɗa min a kunne amma ba ya iya ajiye hoto ko tura shi ko'ina. Wannan ya ishe ni, ku ma kun huta.

Alhaji na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni sayar da salula nike, sari da ɗai-ɗai. Tunda nike wannan sana'a ba a taɓa samun wanda ya shigo shago ya ce Alhaji ba ni mai AI ba. Abin da suka sani: kwana nawa batir ke yi in an ɗauke kuran, tana kama rezo a ƙauye, sim nawa take ci, sifika na da ƙara? Da wannan Transsion, masu Tecno da Infinix da itel, suka ci kasuwar Afirka, da kyamarar da aka gyara don ta fito da baƙar fata. Sabon abin da na ga ya burge mutane a kwanan nan shi ne batiran nan masu 6000 zuwa 7000 da wayar ba ta yi kauri ba.

Amma AI ya same mu ta wata ƙofa, ta aljihu. Kusan duk memorin duniya kamfanoni uku ke yin sa, Samsung da SK Hynix da Micron. Manyan gine-ginen nan da Injiniya ya faɗa suna saye da tsada, sai kamfanonin suka juya can. Daga ƙarshen 2025 kuɗin memori ya tashi, Micron ma ta ce ta daina yin kayan Crucial da ake sayar wa jama'a. Wanda nike sari a hannunsa ya fara aiko min sabon farashi, wani zubin kuɗin na nan yadda yake amma RAM ɗin ya ragu. To kun gani, ana cewa AI na cikin waya sai da RAM mai yawa, shi kuma AI na can waje ya cinye RAM ɗin. Talaka ya biya kuɗin abin da bai taɓa amfani da shi ba.

Ungozoma:
Injiniya, to in zan canza, ta yaya zan gane wanda ke cikin wayar da wanda ke can?

Injiniya a Malesiya:
Tun a shago ki sa ta a yanayin jirgi, ki kashe wifi, sannan ki ce mai shagon ya maimaita duk abin da ya nuna miki. Abin da ya yi aiki shi ne naki. Wasu sai an fara sauke su da data sau ɗaya, saboda haka ki tambaya ko an sauke. Ki gwada da Hausa, kuma da muryarki, ba tasa ba.

Mai Gyara, Farm Centre:
Ba za su fasa miki sabon kwali don gwaji ba, Anti. Ki ce a ba ki ta nuni da ke kan kanta, ko ki samu wani mai irin ta a layin ya ara miki. Kina gwadawa ki sa bayan hannunki kusa da kyamara ki ji zafinta, sannan ki zagayo layin masu gyara ki tambayi nawa sikirinta da batirinta suke, kuma ana samun su ko sai an yi oda.