Wai Japan ce ta ƙirƙiro baburan tseren daji?

Nura: Salamu alaikum. Jiya muna kallon motocross, wato tseren babura a daji, a waya, na ce wa yaran gareji ai Japan ce ta ƙirƙiro wasan nan da baburansa, tunda Honda, Yamaha, Suzuki, Kawasaki duk nata ne. Wani yaro ya ce ban san zance ba. A raba mana gardama.

Oga Sani: Wa'alaikumus salam. Yaron ya fi ka gaskiya, Nura. A Ingila aka fara, a Camberley, shekarar 1924. Baburan titi ne kawai irin su BSA da Norton na Ingila, a cire fitila da tarkace a faɗa daji da su. Ko shokazoba babu a baya, ƙugun mutum ne ke shan rami. Da aka fara gasar duniya ta 500cc a 1957, ba a ma san da baburan Japan a fagen ba.

Nura: To Oga, ai farawa daban, gyarawa daban. Waɗancan ƙarafan masu nauyi kuke kira baburan tsere?

Habu: Su ma ba Japan ce ta fara kayar da su ba. CZ ta Cekosulobakiya da Husqvarna ta Suwidin ne suka zo da inji mai bugu biyu, mara bawul, mara nauyi, irin na Jincheng ɗin da muka yi acaɓa da shi yana tuƙa hayaƙi. Jeff Smith ya ci wa BSA kofin 500cc a 1964 da 1965, daga nan Paul Friedrichs ya hau CZ ya kwashe uku a jere, 1966 zuwa 1968. Nan cinikin Ingila ya watse.

Oga Sani: Sai 1970 kamfanin Japan ya fara cin kofin duniya, Suzuki a ajin 250cc. Kuma wa ke kai? Joël Robert, ɗan Beljiyam, wanda a CZ ya yi suna.

Nura: Na ji. Amma shokazoba guda ɗaya ta baya, wadda duk babur ɗin daji ke amfani da ita yau, ai Yamaha ce ta fito da ita a 1973, har Håkan Andersson ya ci kofin 250cc da ita.

Habu: Hhhh, ka taɓo inda ba ya maka daɗi. Wani injiniya ɗan Beljiyam ne, Lucien Tilkens, ya tsara ta, Yamaha ta saya.

Malam Isa: Ku yi wa Nura adalci mana. Ni ban yarda Japan ta ƙirƙiro ba, amma kafin Yamaha DT-1 ta 1968 da Honda Elsinore ta 1973, babur ɗin daji abin 'yan tsiraru ne, ga tsada, ga wahalar kayan gyara. Su suka zuba shi kasuwa da araha, kuma ba ya yawan lalacewa. A wurina wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Nura: Allah ya saka, Malam. Ga kuma YZ400F na Yamaha, da Doug Henry ya ci gasar Amurka da shi a 1998. Shi ya dawo da inji mai bugu huɗu.

Habu: Jacky Martens ya riga shi, ya ci kofin duniya na 500cc a 1993 da Husqvarna mai bugu huɗu. Sannan doka ta taimaki Yamaha: an bar 400cc mai bugu huɗu ya kara da 250cc mai bugu biyu. Wannan kokawar raini ce.

Malam Isa: Habu, mai bugu biyu yana ba da wuta duk juyi ɗaya, mai huɗu sai juyi biyu. Dole a ƙara masa girma.

Habu: A ƙara, amma ba har kusan ninki ba.

Oga Sani: Wannan wata gardamar ce, ku bar ta sai dare. Nura, je ka ba yaron nan haƙuri.

Nura: Zan saya masa shayi, Oga. Amma DT-1 ɗin nan ba zan sake ta ba.