Neman shawara (tattaunawar Yuli 2015): za mu tsibirin Naksos bayan Sallah, ga bankunan Girka a rufe

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A Jamus muke zaune. Ni da maigida da yaranmu biyu mun yanki tikitin zuwa Atina, babban birnin Girka, tun watan Afrilu, daga can mu shiga jirgin ruwa zuwa Naksos, kwana bakwai, bayan ƙaramar Sallah. Sai ga shi tun 29 ga Yuni 2015 bankunan ƙasar suna rufe, kuma a ƙuri'ar 5 ga Yuli jama'a sun ce ba su yarda da sharuɗɗan masu bin su bashi ba. Mu fasa ne, ko akwai yadda za a yi? Don Allah wanda ya san ƙasar ya taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku fasa. Jiragen ruwa na tafiya, masaukai da gidajen abinci a buɗe suke. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsabar kuɗi. Iyakar cire Yuro 60 a rana daga ATM da kike ji, kan katunan bankunan Girka take, ba ta hau katinki na Jamus ba. Amma katin ba zai amfane ki ba idan ATM ɗin babu komai a cikinsa. A tsibiri ta jirgi ake kai kuɗin, kuma mutanen gari na bin layi tun safe.

Don haka ku ciro kuɗin sati gaba ɗaya tun a Jamus. Ni dai shawarata ku lissafa Yuro 60 zuwa 70 ga kowane babba a rana, rabin haka ga yaro, ban da kuɗin ɗaki, sannan ku ɗora na kwana biyu saboda ko-ta-kwana. Ki roƙi banki su ba ki 'yan 5 da 10 da 20, da ɗan sulalla. 'Yan 20 sun yi wuya a can yanzu, mai shago ba shi da canji, idan kika miƙa masa takardar 100 sai dai ya ba ki haƙuri. Ta 200 da 500 kuwa kada ma ki ɗauko. Ku raba kuɗin gida uku: wani a jikinki, wani wurin Alhaji, sauran a akwatin ajiya na masauki.

Amsa ta biyu:
Yaya ya faɗi gaskiya. Ƙari a kai, ki rubuta wa masaukinku yau ki tambaye su ko har yanzu suna karɓar kati. Wasu ƙananan masaukai da gidajen mai sun koma sai kuɗi hannu, domin abin da aka biya su da kati yana maƙalewa a asusu, su kuma masu kawo musu kaya tsaba suke nema. Ki samu amsar a rubuce.

Batun jirgi: daga filin jirgin Atina bas mai lamba X96 na kai wa tashar jiragen ruwa ta Piriyas dare da rana, ki ware masa awa ɗaya da rabi. Babban jirgin Blue Star kan ɗauki sama da awa biyar zuwa Naksos. Masu gudu sun fi shi sauri, amma a Yuli da Agusta iskar arewa da suke kira meltemi na tayar da igiyar ruwa, su ake fara sokewa, kuma yara sun fi yin amai a cikinsu. Ku hau babban. Ku sayi tikitin zuwa da dawowa ta intanet tun yanzu. Wajen dawowa ku baro tsibirin ana gobe tashin jirgin samanku, ku kwana a Atina. Iska ko yajin aikin ma'aikatan jiragen ruwa na iya tsayar da komai yini guda. Idan an kira zanga-zanga, ku kauce wa dandalin Sintagma da ke tsakiyar Atina.

Amsa ta uku:
Ƙanwata, magani nake so ki kula da shi. Yawancinsa daga waje ake shigo da shi, tura kuɗi waje kuma sai da izinin hukuma yanzu. Duk wanda kuke sha kullum ki taho da na sati biyu a kwalinsa, da takardar likita, da na zazzaɓin yara. Ku riƙe katin inshorar lafiyarku na Turai a jaka. Lambar gaggawa 112.

Idan za ku hau ƙauyukan dutse irin su Filoti da Apirantos, ku cika tankin mota tun daga cikin gari, ko ku bi bas ɗin KTEL da ke tashi kusa da bakin jirgi, shi ma da tsaba ake biya. Abinci kuma ki riƙa tambaya, don yawancin gasasshen namansu, giros da suflaki, naman alade ne, sunansa hirino. Kaza kotopulo, kifi psari. Dankalin Naksos da cukunta a nan ake yin su, ba za su yanke ba.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Gobe da safe zan je banki, masaukin kuma na riga na rubuta musu.