Ɓeraye sun riga ni tarewa a ɗakin gungume, ina mafita?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Ina arewacin Minnesota ne a Amurka, na samu ɗan fili cikin daji nake ta tada ɗaki irin na turawan nan na gungumen itace, ni da wani abokin aikina muke yi duk ƙarshen sati, wuri dai da zan riƙa kai yara hutu. Gini ya kai rufi, mun saka audugar tare sanyi a sama, to wlh da na koma jiya abin da na gani ya kashe min jiki. Na ɗaga akwatin kayan aiki sai ga sheƙa a ciki, sun yage safar hannuna da audugar sun haɗa gado, jarirai biyar jajaye kamar ɗan yatsa, ga kashi ko'ina kan taga kamar an watsa baƙar shinkafa. Kurege kuma ya tara 'ya'yan itace cikin takalmina. Har ƙotar gatarina an gwaguye. Na so in share wajen abokina ya riƙe min hannu wai akwai cuta. Guba zan zuba ko yaya? Ga sanyi na tafe, nan da sati shida dusar ƙanƙara za ta rufe hanyar.

Malam Nas: Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi maka gata, kada ka kuskura ka sa tsintsiya ko injin zuƙe shara. Ɓeran dajin nan mai farin ciki da manyan idanu yana ɗauke da ƙwayar cutar hantabairos, kuma kafin wani ya tambaya, ba ruwanta da hanta, huhu take kamawa, sunan daga kogin Hantan na Koriya ya samo asali. Ta ƙurar busasshen kashi da fitsarinsu ake shaƙa. A 2012 a gandun Yosemite na Kaliforniya mutum 10 suka kamu 3 suka rasu, kuma a cikin audugar bangon ɗakunan baƙi ɓerayen suka yi sheƙa, irin naka sak. Ta fi yawa a jihohin yamma, a wajenku ba kasafai ba, amma kusan ɗaya cikin uku na wanda ta kwantar ba ya tashi, to me zai kai ka. Buɗe ƙofa da tagogi ka fita minti 30, ka dawo da safar roba da takunkumi, ka haɗa bilic, wato ruwan nan na sa kaya fari, kashi 1 ruwa kashi 9 ka jiƙa kashin sharkaf, ka bar shi minti 5 sannan ka kwashe da takarda ka ƙulle a leda biyu. Audugar da suka yi fitsari a ciki kuma sai haƙuri, cire ta gaba ɗaya.

Maman Ilham: Kai Baban Khalifa duk gidajen Amurka ba su ishe ka ba sai ka shiga daji 😂 Ka nemi mage kawai mana.

Baban Khalifa: Hajiya wa zai ba ta abinci, sati guda ba kowa a wajen, ga kyarkeci ga sanyin da ke daskarar da ruwa a roba. Magen ce za ta zama abincin wani.

Kawu Kafinta: Ɗana ka saurare ni, ni aikin itace nake ci da shi. Maganar guba ka ajiye ta gefe. Ɓera zai ci ya shige tsakanin rufi ya mutu, wari ya hana ka zama wata guda kuma ba ka da yadda za ka ciro shi sai ka ɓalle katako, in kuma ya fita waje mujiya ko dila ta cinye shi ita ma ta bi shi, alhali su ne ma'aikatanka na kyauta. Matsalarka ƙofa ce ba ɓera ba. Duk ramin da fensir zai shiga, wato kamar milimita 6, ɓera zai shiga, in kai ya wuce jiki ya wuce. Jira dare ya yi, ka kunna fitila mai haske a ciki ka fita ka zaga ɗakin, duk inda haske ya leƙo ka yi masa alama da alli. Ka fi sa ido a kusurwa inda gungume ya hau gungume, da inda bango ya haɗu da rufi, da inda waya ko famfo ya shiga. Ka cusa soson ƙarfe tukuna sannan ka liƙe a kai. Kumfar gwangwani da ake fesawa don toshe rami, ita kaɗai ɓata kuɗi ce, kamar biredi suke cinye ta. Ƙarƙashin daɓe da bakin rufi ka buga ragar waya mai ido kwatan inci, ba ta kaji ba, ta kaji ɓera da gudu yake wuce ta. Kuma ka sani gungume in ɗanye ne yana bushewa yana zama, bangon zai riƙa sauka cikin shekarun farko, inda ka toshe bana baɗi zai buɗe, saboda haka duk kaka sai ka sake zagayen fitilar nan. Ƙotar gatari kuwa ina zargin beguwa ce, gishirin zufar hannunka take bi, rataye shi sama a ciki.

Ɗan Borno: Mu nan Lassa ta koya mana, tun 1969 aka gano ta a garin Lassa kuma ɓera ne ke yaɗa ta. Abu ɗaya ne, abinci. Kakanninmu da suke ɗora rumbu kan duwatsu ba wauta suka yi ba. Ko ƙwayar shinkafa kada ka bari, komai cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, barguna da katifa cikin akwatin ƙarfe in za ka tafi.

Kawu Kafinta: Ya yi gaskiya. Ka ƙara da kwashe tarin itacen wuta da guntayen katako daga jikin bango, kai su nesa, ka sare reshen da ya taɓa rufi don nan ce gadar kurege. Na cikin kuma tarkon katako mai ɗan karen duka, kamar goma sha biyu, jere a gindin bango bakinsu na kallon bangon, ɗan tunkuzar gyaɗa kaɗan a kai.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri Kawu, Malam Nas na gode. Asabar zan fara da bilic da ragar waya. Amma jariran nan biyar fa? Khalifa ya gan su a hoto ya ce sai dai a kawo masa gida.

Malam Nas: Kada ko yatsa ya taɓa su. Ka ce masa uwarsu ta zo ta kwashe su.