Abin da aka tattauna kan jarida da wayar hannu

Jama'a, maganar da aka yi kan yadda wayar hannu ta shafi jarida ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda jaridar takarda ta ja baya a Bauchi. Masu tsayawa wajen mai jarida a Wunti suna leƙa kanun labarai sun ragu, don kafin jarida ta iso daga Abuja labarin ya gama zagaya WhatsApp.

2. Tallace-tallace sun koma Facebook, ga takarda da tawada sun yi tsada. Shi ya sa Aminiya da irinta suka ƙarfafa shafukansu na intanet da bidiyo.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce yanzu ɗan Ningi ko Azare zai ɗauki hoton gadar da ta karye, gwamnati ta gani a ranar. Wasu suka ce duk mai waya da data ya zama ɗan jarida, ba edita, ba tantancewa, sai a kashe mutum a rubuce yana gida yana shan kunu. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

4. Shawarar da aka fi maimaitawa: duba ranar da aka wallafa labari, a nemi shi a wata kafa kamar BBC Hausa, kar a tura sautin murya da ba a san mai shi ba.

5. Dattawa sun tuna jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Kan biyan kuɗi don karanta labari a intanet kuwa, mutum biyu kacal suka ce za su iya.