Ɗan ƙanena ya rubuta mini "dope" a ƙarƙashin hoto: yabo ne ko zagi?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ranar Sallah na sa hotona a Facebook, babbar riga da hula zanna bukar. Ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka ya zo ƙasa ya ajiye kalma ɗaya tak: dope. Na duba ƙamus, na ga miyagun ƙwayoyi, na kuma ga wawa. Tun shekaranjiya abin ke cina. Yaron nan fa ni na yi masa huɗuba.

'Yar Katsina: Haba Baba, kwantar da hankalinka, yaba ka ya yi. A bakin samarin can, dope na nufin abu ya haɗu. Da wawa yake nufi, da "a dope" zai ce.

Malamin Sakandare: Gaskiyarta. Kalmar ta sha yawo ne. Asalinta doop ce a harshen mutanen Holan, wato romo mai kauri da ake tsoma abinci a ciki. Ta shiga Turancin Amurka a farkon shekarun 1800. Wajen ƙarshen ƙarnin sai aka laƙaba ta wa ofiyom, wani kayan maye, don shi ma kauri gare shi kamar ƙaro. Daga nan ta faɗa filin sukuwa, inda ake ɗura wa dawaki magani. Wanda ya san dokin da aka ɗura wa, shi ke da "the dope", wato labarin sirri. Ita ce dai doping, wato amfani da maganin ƙara kuzari a wasanni, da ya sa aka ƙwace wa Ben Johnson zinaren tseren mita 100 a Seoul a 1988. Ma'anar yabo ce auta, mawaƙan gambarar baƙaƙen Amurka suka yaɗa ta a shekarun 1980.

Mai Shayi: Malam ka tsallake ta dambe. Kinshasa, 1974. Muhammad Ali ya jingina da igiya, ya bar George Foreman ya yi ta jibga har ya galabaita, a zagaye na 8 ya kai shi ƙasa. Sunan dabarar rope-a-dope. A nan kam wawa ake nufi, kuma ba sai na faɗi wane ne wawan ba.

Baban Ummi: To kun ji. Kalmar da ta biyo ta gidan 'yan ƙwaya, ita za a yabi kawu da ita? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ya ce mini tubarkalla mana.

'Yar Katsina: Baba, da girmanka, ai karin maganar nan shi ta kare. Shekara uku yana can, kukan inda yake kwana yake yi.

Ɗan Maraɗi: A'a, ƙanwata, kin karkatar da ita. "Gidansu" sheƙar da aka ƙyanƙyashe shi ce, ba reshen da ya yada zango ba. Tarbiyya ake nufi. Amma Alhaji, mu ma fa gwanaye ne a wannan. Mukan ce mota ta yi masifar kyau, miya ta yi mugun daɗi. Ɗan wasa ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo, gidan kallo ya ɗauka: shege! Bature mai koyon Hausa ya buɗe ƙamus a kan wannan, ai sai ya zaci faɗa za a yi.

Malamin Sakandare: Misalin ya zauna, sai dai akwai saura. Shegen gidan kallo tsakanin tsara yake yawo. Wa ya taɓa ganin kawunsa ya sha ado ya ce masa shege? Shi ya sa ban ga laifin Alhaji ba. Yaron bai zage shi ba, amma ya yi masa maganar abokin wasa.

Mai Shayi: In da kakansa ne da ba laifi, jika da kaka ba ruwan kowa.

Baban Ummi: Na kira shi yanzu. Ya yi ta dariya, ya ba ni haƙuri, ya ce rigar ce ta burge shi. Muna sallama kuma sai ya ce wai hular "sick" ce. Malam, wannan kuma fa? Sabuwa ce dal daga Maiduguri, lafiyarta ƙalau.